Agogon Ado: Daga Fadojin Faransa Zuwa Bangon Amarya A Azuba

Ranar jere a Azuba, ɗaya daga cikin garuruwan da ke gefen birnin Lafiya a Jihar Nasarawa, akwai kayan da ake bari sai ƙarshe. Sai an kafa gado, an daidaita kujeru, an rataya labule, an shirya kwanuka a kabad, sannan wata daga cikin gwaggwannin amarya za ta ce a miƙo kwalin nan. A ciro agogon bango, a goge shi da gefen mayafi, a kira wani saurayi ya taka kujera ya buga ƙusa.

Daga ƙasa mata na ba da umarni. "Ɗan ɗaga shi sama." "Kai, ya karkace, mayar da shi dama." Agogon kuwa sai ɗaukar ido yake yi: ga ruwan gwal, ga ganyaye da furanni kewaye da fuskarsa, ga ginshiƙai biyu a gefe, ga lambobi irin na Rumawa waɗanda da yawa cikin 'yan biki ba su saba karantawa ba.

Ba lallai ne a tuna da batir a ranar ba. Duk wadda ke son sanin lokaci, wayarta za ta duba. Bayan wata shida ko shekara, a gidaje da dama za ka tarar hannayen agogon sun tsaya cik, ruwan gwal ɗin ya fara ɓarewa, robar da ke ƙarƙashi ta bayyana. Wani ya ci gaba da zama a bango haka nan, wani kuma ya ƙare a buhun 'yan gwangwan.

Haka abin yake a Lafiya da Keffi da Akwanga, haka yake a Kano da Maraɗi. Agogo ya tashi daga abin auna lokaci ya koma kayan ƙawa, ƙawar ma ta ɗan taƙi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan ginshiƙai da ganyaye da ruwan gwal suna da asali. Kwaikwayo ne na wata sana'a da ta kai ƙololuwa a birnin Paris fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma agogunan da aka ƙera a wancan zamani da yawansu suna bugawa har gobe.

Aiki ya koma waya, ado ya rage

Kakanninmu sun san lokaci tun kafin agogo ya zo. Carar zakara ce ke shelar asuba, hantsi da walaha rana ce ke faɗa, ladan kuma inuwa yake aunawa ya san azahar ta yi ko la'asar ta shiga. Manomin doya da riɗi a ƙasar Lafiya bai taɓa jiran ƙararrawa kafin ya saɓa fartanya ba.

Agogon inji ya fara shigowa ƙasar Hausa ne a matsayin kayan sarakuna. A 1826, da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya dawo wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello karo na biyu, akwai agogo a cikin kyaututtukan da ya kawo, tare da littattafan Larabci. Tun daga farko ke nan agogo ya shigo da martabarsa: abu ne da ake ajiyewa inda baƙo zai gani.

Zamanin Turawa ne ya mayar da shi dole. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Makurɗi da Lafiya zuwa Kafanchan a shekarun 1920, jirgi kuwa ba ya jiran wanda ya makara. Makarantar boko da ofishin En'e da kotu duk da ƙarfe suke aiki. Aka wayi gari ma'aikaci da malamin makaranta suna ɗaura agogo mai wani a hannu, har aka yi masa kirari da "agogo sarkin aiki".

A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai batir irin wanda ake yayi yanzu, kafin a ce me farashi ya karye, agogo ya shiga kowane gida. Alhazai suka riƙa dawowa da tsarabar agogo mai siffar masallaci, mai kiran salla. Zuwan wayar salula Najeriya a 2001 shi ya ƙwace aikin ɗungurungum. Abin da ya rage wa agogon bango shi ne kyan gani.

Inda salon ya samo tushe

A 1738 aka fara tono birnin Herculaneum a kudancin Italiya, a 1748 kuma aka shiga Pompeii. Garuruwa ne na Rumawa da aman dutsen Vesuvius ya binne tun shekara ta 79 Miladiyya. Abin da aka tono, na gine-gine da tuluna da fitilu da zane, ya ruɗa masu fasahar Turai. Suka gaji da salon da ake yayi a lokacin, mai lanƙwashe-lanƙwashe da yawan tarkace, suka koma ga miƙaƙƙen layi da ginshiƙi da daidaiton dama da hagu irin na tsoffin Girkawa da Rumawa.

Faransa ce ta riƙe tutar wannan salo, daga wajen 1760, ta zamanin Sarki Louis na 16 wanda ya hau mulki a 1774, har zuwa daular Napoleon da ta fara a 1804. A ƙasar sanyi, kowane falo yana da murhun jin ɗumi a jikin bango, da kanta ta marmara a samansa, da babban madubi. Tsakiyar wannan kanta nan ne idon baƙo ke fara sauka, nan aka girke agogo, da alkukai biyu a gefensa. Shi ya sa ba a rataye shi, girke shi ake yi.

Siffofinsa suna da yawa. Akwai mai ginshiƙai biyu ko huɗu, fuskar agogon tana rataye a tsakani. Akwai mai siffar tulu, wanda lambobinsa ke zagayawa a jikin zobe, kan maciji na tagulla yana nuna sa'a. Akwai mai siffar keken doki, ƙafar keken ita ce fuskar agogon. Akwai kuma masu ɗauke da mutum-mutumin jarumai da allolin tatsuniyoyin Girka. Bayan yaƙin da Napoleon ya kai Masar a 1798, siffofin zamanin Fir'auna ma suka shigo.

Ko juyin juya halin 1789 ya bar tambarinsa a kan agogo. A 1793 masu mulki suka raba dare da yini gaba ɗaya zuwa sa'a 10, kowace sa'a minti 100. Jama'a ba su karɓa ba, aka jingine dokar a 1795. Tsirarun agogunan da aka yi da wannan lissafi yanzu suna cikin waɗanda masu tara kayan tarihi ke rububi.

Hannu da yawa a kan agogo ɗaya

Sirrin waɗannan agoguna shi ne ba mutum ɗaya ke yin su ba. Mai zane ne zai fara fitar da siffa a takarda. Mai sassaƙa ya gina ta da kakin zuma ko yumɓu ko katako. Mai zubi ya narka tagulla ya zuba. Daga nan sai a miƙa wa mai gyaran fuska, wanda zai zauna da ƙananan kurfi da guduma yana fitar da gashin kai da jijiyar ganye da ninkin tufafi, ɗaya bayan ɗaya. Sai mai shafa zinariya, sai mai yanka marmara, sai mai gasa farar fuskar agogo a wuta ya rubuta lambobi. Can ƙarshe mai inji ya ɗora nasa.

Kafin 1791 kowace sana'a tana da ƙungiyarta da dokokinta, ba ka shiga hurumin wani, ba ka zama ubangidan kanka sai ka yi shekaru kana koyo, ka kuma ƙera abin da manya za su gani su yarda. Duk wanda ya san yadda Sarkin Maƙera ke riƙe da mutanensa a garuruwanmu ba zai ji wannan tsari baƙo ba.

Tarihi ya riƙe sunayen gwanayen. Pierre Gouthière ya yi fice a shafa zinariya. Pierre-Philippe Thomire, wanda ya rayu daga 1751 zuwa 1843, ya yi wa Louis na 16 aiki, ya yi wa Napoleon, ya kuma ga bayan su duka. Akwai Claude Galle da André-Antoine Ravrio. A ɓangaren inji akwai Robert Robin da zuriyar Lepaute, a rubutun fuska kuma Joseph Coteau. Sunan da ake gani a fuskar agogo galibi na mai inji ne ko na dillali, alhali kuɗin gidan agogon ya fi na injin nesa ba kusa ba.

Injin kansa zagayayye ne, na farin ƙarfe da tagulla, ana wana shi da ɗan makulli duk mako ko mako biyu. Lilon da ke daidaita tafiyarsa da zaren siliki ake rataye shi, yana buga ƙararrawa duk sa'a da rabin sa'a. Kowane haƙori da kowane ƙusa ana iya kwancewa, a wanke, a sa mai, a mayar. Wanda ya lalace a ƙera wani. Dalilin daɗewarsu ke nan.

Sunansu ya kai ko'ina. A 1817 Shugaban Amurka James Monroe ya yi odar agoguna biyu daga Paris domin fadar White House, ɗaya yana ɗauke da siffar Hannibal, jarumin Carthage da ke ƙasar Tunisiya ta yau, kuma suna nan har yanzu. Sarki George na 4 na Ingila ya tara su da yawa. Mai son ganin su yau sai ya nufi Louvre ko fadar Versailles ko Fontainebleau, ko gidan tarihi na Wallace a Landan.

Zinariyar da ta ci rayuka

Ƙyallin nan da ya shekara 200 bai dushe ba, da ran mutane aka saye shi. Ana niƙa zinariya a kwaɓa ta da zaiba, a shafa a jikin tagulla, a sa a wuta. Zaibar ta tashi ta bi iska, zinariyar ta manne. Daga nan a goge wasu wurare da dutse mai santsi su yi sheƙi, a bar wasu a dushe, haske da inuwa su fito.

Hayaƙin zaiba kuwa guba ne. Masu wannan aiki sukan kamu da makyarkyata, haƙora su zube, hankali ya gushe, da yawa ba sa kai wa tsufa. Ravrio, wanda ya ga yadda ma'aikata ke ƙarewa, ya bar wasiyyar kuɗi a 1814 domin duk wanda ya gano hanyar kare su. Masanin sinadarai Darcet ne ya ci kyautar a 1818, da wata dabarar murhu mai janye hayaƙi. Sai daga shekarun 1840, da aka gano shafa zinariya da lantarki, tsohuwar hanyar ta fara ja da baya.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Zaibar da ta kashe maƙeran Paris ita ce matasa ke ƙonawa yau a wuraren haƙar zinariya na gargajiya a sassan Arewa, ba takunkumi, wani lokaci a tsakar gida kusa da yara. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta hallaka yara kusan 400 a Zamfara. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba. Jihar da ke alfahari da ma'adinai kamar Nasarawa ta fi kowa buƙatar ta ji wannan gargaɗi.

Baƙar fata a kan kantar Bature

Akwai wani nau'in waɗannan agoguna da ɗan Afirka ba zai kalla ransa ya yi daɗi ba. A 1784 an saya wa fadar Faransa wani agogo mai siffar kan mace baƙar fata, wanda idan aka ja ɗankunnenta sai lambobin lokaci su bayyana a idanunta. A 1799 Jean-Simon Deverberie ya fitar da zanen agogon da ya kira Afirka: mace baƙa zaune da baka a hannu, dabbar dawa a gefenta. Wasu kuma suna nuna baƙin mutum yana dakon buhu ko yana tura ganga.

An yi waɗannan ne a zamanin da jiragen Faransa ke jigilar bayi zuwa gonakin rake. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, ba a kawar da ita gaba ɗaya ba sai 1848. Gwanintar aikin ba ta da musu, amma kyan ɗan maciji ne. Masana tarihin fasaha a yau suna kallon su a matsayin shaidar yadda Turai ta ɗauki baƙar fata, kuma haka ya kamata mu ma mu karanta su.

Yadda ya gangaro kasuwarmu

Abin da ya fara a fada bai tsaya a fada ba. Masana'antar Japy da ke Beaucourt a gabashin Faransa ta riƙa fitar da injin agogo da yawan gaske tun ƙarshen ƙarni na 18. A ƙarni na 19 aka koma zuba gidan agogo da tutiya mai araha a maimakon tagulla, a shafa mata ruwan gwal sama-sama. Daga tutiya aka gangaro roba. Yau masana'antun China ne ke buga su dubu-dubu, su biyo ta Legas da Onitsha da Kano, su iso shagunan Lafiya, daga nan su shiga Azuba a bayan babur.

Kasuwar ta buɗe sosai tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha a 1996. Ma'aikata sun ƙaru, jami'ar tarayya ta zo, garuruwan gefe suna cika da sababbin gidaje, kowane falo kuma yana neman abin da zai cike bango. Kujeru masu sassaƙa da ruwan gwal da ake kira 'yan Turkiyya ko 'yan Dubai su ma jikokin wancan salo ne, agogon yana biye da su.

Tazarar farashi kuwa sai ka riƙe baki. Na roba 'yan dubban Naira ne. Na asali, a gidajen gwanjon Paris da Landan, yana farawa daga 'yan dubban Yuro, na manyan gwanaye kuma ya haura dubu ɗari.

Kowa da inda ya sa gaba

'Yan kasuwa ba sa ɓoye hujjarsu: abin da jama'a ke iya saye shi ake kawowa. Uban da ke haɗa kayan ɗaki a wannan tsadar rayuwa, ga gado ga katifa ga kayan kicin, ba zai tsaya neman mai ƙarko ba. "Ɗan China ne, amma yana da kyau," shi ne abin da ake faɗa a bakin kanta, a biya a wuce.

Iyaye mata suna kallon abin ta fuskar fita kunya. Ɗakin amarya mutuncin gidansu ne, 'yan ganin ɗaki kuma ba sa barin komai. Tsofaffi daga cikinsu dai sukan tuna cewa tasoshi da kwalla da langa na jerensu sun kai ga jikoki, har akan sayar da su a rana ta baƙin ciki a fita matsala. Na yanzu ba mai sayensa ko da rabin kuɗi. Araha ba ta ado.

Malamai suna da nasu bayani. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan, ajiye cikakken mutum-mutumin abu mai rai, wanda ke da inuwa, haramun ne, kuma ana ƙyamar almubazzaranci a kayan ƙawa. Wannan ya sa nau'in da ya samu shiga gidajen Musulmi shi ne mai ginshiƙai da ganye da fure. A gidajen Kirista, waɗanda su ma suna da yawa a yankin Lafiya, an fi ganin agogo mai ɗauke da ayar Littafi Mai Tsarki ko hoton bikin aure. Musulmi ma ba baƙi ba ne a fagen ƙera agogo: a shekara ta 807 Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sarki Charlemagne agogon ruwa daga Bagadaza, a 1206 kuma al-Jazari ya rubuta littafinsa da ya bayyana agogon giwa.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne masu gyaran agogo. A da, kowace babbar kasuwa tana da mutumin nan mai ɗan akwatin gilashi da tabarau a ido ɗaya, wanda zai buɗe agogo ya saurari bugunsa ya gane ciwonsa. Yanzu aikin ya koma canza batir da rage tsawon warwaro. Injin roba ba ya gyaruwa, cire shi ake yi a jefar. Yara sun koma koyon gyaran waya, tsofaffin kuma suna tafiya da iliminsu.

Gane na gaske

Jefi-jefi tsohon agogo kan ɓullo cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, ko a gidan wani tsohon ma'aikaci. Tagulla tana da nauyi, idan an ɗan kankare ta ciki launinta rawaya ne, tutiya kuwa toka-toka ce kuma tana saurin karyewa. A duba bayan injin ko akwai suna da lamba. Ramuka biyu a fuska na wana agogon ne, ɗaya na tafiya ɗaya na ƙararrawa.

Wanda ya samu irinsa kada ya kusance shi da toka ko man goge ƙarfe, domin zinariyar za ta tafi ba dawowa. Kada a ɗauke shi da lilonsa a rataye. A kare shi daga ƙurar hunturu da laimar damina, a kuma nemi wanda ya san aikin kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Ba wanda ke cewa mutumin Azuba ya tara kuɗin doyarsa ya sayo agogon Paris. Abin koyi a wajen Faransawa shi ne yadda suka haɗa mai zane da mai zubi da mai sassaƙa da mai inji a kan abu ɗaya, suka yi shi don ya daɗe, suka kuma adana shi.

Duk waɗannan hannaye muna da su. Zubin tagulla da kakin zuma ya kai ƙarni na 9 ko na 10 a Igbo-Ukwu, ga na Ife da Benin da duniya ke jinjina wa. Maƙeran tagulla na Bida suna nan, maƙeran farfaru da dukawa suna nan a Kasuwar Kurmi ta Kano, magina masu zanen dagi ba su ƙare ba, kafintoci kuwa suna kowane lungu na Lafiya. Abin da babu shi ne mai haɗa su da mai sayen aikinsu.

Agogon da aka yi wa gida da katakon maɗaci, aka kewaye fuskarsa da tagullar Bida, aka zana masa dagi, zai zauna a falon Musulmi da na Kirista ba tare da wani ya ɗaga gira ba, kuɗinsa kuma zai tsaya a gida. Cibiyoyin koyar da sana'a na jiha za su iya buɗe wannan fanni, su ɗauko tsofaffin masu gyara su koyar tun suna da sauran ƙarfi. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da masarautar Lafiya za su iya tattara tsofaffin agogunan fada da na tashar jirgi da na masallatai da majami'u kafin su faɗa hannun 'yan gwangwan.

Sauran aikin na masu saye ne. Duk uban da zai haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki, da duk uwar da za ta shiga kasuwa da jerin sayayya, su ƙara tambaya ɗaya a kan ta farashi: idan ya lalace, ana gyara shi? Ranar da masu saye suka fara wannan tambaya, 'yan kasuwa za su canza abin da suke kawowa, masu sana'ar hannu kuma za su samu dalilin koya wa 'ya'yansu.